Baƙin da Ba a Sallama Ba

Dinanath Dube ya yi shekara talatin da 'yan kai yana koyar da falsafa a wata kwaleji a Ghazipur, kuma duk tsawon wannan lokaci magana ɗaya ya riƙe: Ubangiji ɗaya ne, ba shi da hannu huɗu, ba shi da kan giwa, ba ya hawan ɓera balle zaki. Sauran duk da ake shafa wa jan gari a goshi sunaye ne da mutane suka laƙaba wa abu guda, saboda kansu ba ya iya ɗaukarsa gaba ɗaya. Ɗalibai sukan rubuta haka a jarrabawa su ci maki, su fito su zarce wurin gunkin Hanuman da alawa a hannu don yin godiya. Dinanath ya san da wannan, amma bai taɓa hana shi barci ba. A ganinsa gaskiya ba ta buƙatar mabiya, masu sauraro sun ishe ta.

Yayan matarsa, Baijnath Mishra, yana tsallaken kogin Ganga, a ƙauyen da aka haife su shi da ƙanwar tasa. Shi ne Pandit, wato malamin addininsu, mai ɗaura aure da raɗa suna da duba taurari a ƙauyukan da ke kewaye, kuma a lissafinsa alloli miliyan ɗari uku da talatin ne, babu ragi.

Wannan gardama ta girmi Sarita, 'yar Dinanath tilo. An ce ranar da aka kai Dinanath ganin amarya ma, kafin a kawo shayi har sun fara. Daga nan kowane biki, kowace ziyara, sai sun baje ta a baranda kamar tabarma.

"To Pandit, nawa suka kai bana?" in ji Dinanath, tun baƙon bai cire takalmi ba.

"Yadda ka bar su bara, Farfesa. Babu wanda ya mutu."

Dinanath bai taɓa zama farfesa ba, lakcara ya shiga lakcara ya fita, kuma Baijnath ya san inda ke masa ƙaiƙayi.

"Tsofaffin littattafan da kake rantsuwa da su talatin da uku suka ce. Ina ka samo ragowar?"

"Hayayyafa suka yi mana. Kakanka shi kaɗai ya shigo garin nan da butarsa, yau ku nawa ne Dube a Ghazipur?"

"Ɗaya ne, Pandit. Ranar ɗaya ce, tulunan ruwan da take haskawa ne da yawa."

"Madalla. In ƙishi ya kama ka sai ka sha ranar."

Malti, matar wannan ƙanwar wancan, ba ta da nata adadin. A kusurwar kicin tana da wani katako da ta jera nata allolin: na tagulla, na takarda da ta yanko daga tsofaffin kalandu, da wani dutse mai santsi da ta tsinto a bakin kogi wanda ita kaɗai ta san ko wane ne. Kowace safiya takan kunna musu aci-balbal, ta gaya musu farashin albasa. Sau ɗaya mazan biyu suka nemi ta raba musu gardama, ta ajiye musu shayi ta ce, "Ni ban taɓa ƙirga baƙi ba. In sun yi yawa ruwa nake ƙara wa miya." Kowannensu ya ɗauka gefensa ta bi.

Da auren Sarita ya matso, matan unguwa suka taru a tsakar gida da hantsi don yin gayyata. Uwar amarya ce ke kira, mata suna amsa mata da waƙa. Da Ganesh mai kan giwa ake farawa, a bi alloli manya da ƙanana, a gangaro kan kakanni na gidan miji da na gidan uba, sannan a kira waɗanda ake tsoron su zo ba gayyata: guguwa, ruwan sama, ƙuda, cinnaka, kunama, gobara, da faɗa. Duk wanda aka ambata sai a jefa masa ƙwayar shinkafa a kasko. In an gama a kife wani kaskon a kai, a liƙe bakin da ƙullun wake da yumɓu, a manna a bango. Nan za su zauna, an karrama su an kuma tsare su, har amarya ta tafi lafiya. Daga nan wadda ta rufe ta buɗe, ta yi musu godiya ta sallame su.

Malti ta daɗe tana kira ranar, har muryarta ta dishe. Dinanath yana baranda da jarida. Da waƙar ta dame shi sai ya tashi ya rufe taga.

An ɗaura aure lafiya, ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Washegari da rana aka zaunar da dangin ango a ƙarƙashin rumfa don cin abincin ban-kwana, layi-layi, kowa da farantin ganye a gabansa. Baijnath, kawun amarya, wanda ya zo da kayan ƙanwarsa da na 'yarta a ka har ƙofar gida kamar yadda ya wajaba a kansa, yana zaune a sahun farko cikin sabon zane ruwan ɗorawa. An zuba masa puri, soyayyiyar gurasarsu, da miyar dankali, bai kai ga taɓawa ba. Sai wani baffan ango, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ba ya iya zaman shiru, ya ce ya ji labarin akwai malamai biyu a gidan nan, shi kam yana so ya sani, wai su nawa ne a sama?

Da Dinanath ya yi dariya ya ce a ƙara wa baƙo alawar laddu, da shi ke nan. Amma ya ɗaga kai ya ga mutum sama da ɗari suna kallonsa, abin da bai taɓa samu a aji ba ko a makon jarrabawa.

"Surukina ya ce miliyan ɗari uku da talatin," in ji shi. "Ni ba mai wahalar da baƙo ba ne. Pandit, ɗari kacal, kira mana sunayensu kafin purinka ya huce."

Baijnath ya yi murmushi ya fara. Da farko kamar ruwa. Da ya wuce arba'in sai ya soma jan numfashi, Dinanath kuwa yana tsaye a kansa yana lanƙwasa yatsu.

"Dakata. Wannan da na bayansa da wanda ka faɗa ɗazu duk Shiva ne. Mutum ɗaya ka sa wa riga uku. Mu koma talatin da takwas."

Rumfa ta ɗauki dariya. Baijnath ma ya yi, ta gefen baki. Har nan wasa ne, irin wanda suka saba, kuma da ya ƙare a kan shayi. Dariyar ce ta shiga kan Dinanath kamar giya.

"Kada ku ga laifinsa," ya ce wa baƙin. "Kowane ɗaya daga cikinsu yana da ranarsa, kowace rana tana da tirenta na shinkafa da man shanu, kuma duk gidan Pandit tiren ke zuwa. In ya yarda ɗaya ne, me zai ci?"

Wannan karon dariyar ba ta kai ko'ina ba. Baijnath ya dubi farantinsa, ya miƙe a hankali, ya je wurin buta ya wanke hannun da bai ci komai da shi ba.

"Tunda cin nawa ne ya dame ka, Dube, na ɗauke maka. Ko ruwan gidan nan ba zan ƙara sha ba, sai ranar da ka tako da ƙafarka ka kira ni."

Ya fita bai ko leƙa ƙanwarsa ba. Dinanath ya tsaya da nasararsa a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta.

Bayan amarya ta tafi, an kwance rumfa, mata suka dawo don buɗe kasko. Malti ta ce su koma, za ta aika musu. Da suka watse mijin ya leƙo kicin.

"Uwar Sarita, ba za ki sallami fursunonin naki ba?"

"Da wace fuska?" Tana tankaɗe gari, ba ta ɗago ba. "Babana yana ciki. Kakana yana ciki, da Inna. Na kira su bikin jikarsu, suna ji aka kori ɗansu da yunwa daga kan faranti. In buɗe in ce musu me? Mun gode, ku gaida gida?"

"Ba wanda ya kore shi. Tambaya na yi ya kasa amsawa."

"Ranar da Yaya ya zauna ya ci abinci a gidan nan, ranar zan buɗe." Ta kaɗe rariya. "Har faɗa na kira na rufe. Ban san akwai wani a baranda sanye da tabarau ba."

Dinanath ya ɗauka maganar mako guda ce. Makon ya zama damina, damina ta zama shekara. Duk shekara gab da bikin Diwali in mai farar ƙasa ya zo shafe bango, Malti takan tsaya a kansa har ya zagaye kaskon da burushi, sai ya zama kamar wani ƙullutu mai ruwan ƙasa a farin bango, sama da randar ruwa. Da safe, bayan ta gama da na kan katako, takan taɓa shi da yatsa ta ce, "Ku yi haƙuri, an kusa."

Shi kuwa ya sami sabon abin ba'a. Yakan gaya wa abokai cewa a duk Ghazipur babu gidan da ya kai nasa cunkoso: miliyan ɗari uku da talatin a kicin, ga kunama ga guguwa, kuma babu mai tayin ɗebo ruwa. Shekarar da damina ta yi jinkiri, wata maƙwabciya ta shigo fuska a murtuke ta ce wa Malti ta ji tsoron hakkin manoma ta saki ruwan sama. Dinanath ya zaunar da matar ya yi mata bayanin iskar teku da tsaunuka har ta manta abin da ya kawo ta. Ya daɗe yana ba da wannan labari. Abin da ba ya bayarwa shi ne, tun ranar bikin bai ƙara samun wanda zai yi gardama da shi ba. Abokan nasa duk masu ilimi ne, da ka ce musu ɗaya ne sai su ce haka ne, su koma maganar fansho.

Kowace shekara ranar da mata ke ɗaura wa 'yan'uwansu maza zare, Malti takan haye kogi ita kaɗai ta ɗaura wa yayanta a hannu, ta dawo da yamma da mangwaro ko gwaba.

"Ya Pandit ɗin?"

"Ya tsufa. Idonsa ɗaya ya yi yana."

"Ya yi maganata?"

"Ya ce hanyar tana nan inda take."

"Ƙofata ma tana nan inda take."

"Haka na gaya wa kasko," in ji ta.

Ciwon ya fara mata da kumburin ƙafa. Likita ya ce ƙoda ce, ya faɗi sauran a waje da murya ƙasa-ƙasa. Sarita ta zo da 'ya'yanta ta yi jinya ta koma ta sake dawowa. Aka kawo gadon Malti tsakar gida inda rana ke sauka da hantsi, daga nan kuma tana hango bangon kicin. Wata safiya Dinanath yana ɓare mata lemo ta riƙe masa hannu.

"Baban Sarita, ban taɓa roƙonka ka yarda da kowa ba. Ko ɗaya ne ko dubu, kai da su. Amma ni na kira mutanen nan, ni ce zan sallame su. Kada ka bari in je in tarar da wurinsu babu kowa, a ce ai suna gidanki kin kulle. Je ka ɗauko min Yaya."

Ya tafi a ranar. Wannan dai dole a yaba masa. Ya sa farar riga, ya sayi kwalin laddu, ya hau adaidaita-sahu, kuma tun daga kan gada yake bitar abin da zai faɗa. Gajere ne: na yi kuskure, Malti ba ta da lafiya, zo mu tafi. Mutumin da ya saba magana awa guda ba takarda, sai ga shi yana maimaita jimla uku kamar ɗan firamare.

Ya tarar da Baijnath a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, a kan gadon igiya, ya rame, gashin ƙirjinsa ya yi fari fat. Tsohon ya daɗe yana ƙura masa idonsa mai kyaun.

"Wa nake gani kamar Farfesa? Ko gadar ce ta gajarce?"

"Yaya," in ji Dinanath, kuma bai taɓa kiransa haka ba. "Maganar da na faɗa ranar bikin ba ta dace ba. Malti tana kwance. Zo mu tafi."

Baijnath ya gyara zama. Ya matsa ya ba shi wuri a gadon, ya buɗe kwalin ya ɗauki laddu ɗaya ya gutsura, ya ƙwala wa surukarsa kira ta kawo shayi ta kuma fito masa da takalmi da lema. A nan maganar ta ƙare, ko ta kusa. Takalmin har ya iso. Tsohon yana sa ƙafa ɗaya a ciki ya ce, cikin muryar da ta fi kama da wasa,

"Amma fa sai ka biya kuɗin shiga. Ban ce miliyan ba, na tsufa da wannan. Biyu kawai. Ka ce mai yiwuwa biyu ne, mu tashi."

Kalma ce da yaro ɗan shekara biyu ke iya faɗa. Dinanath ya buɗe baki da niyyar faɗarta, abin da ya fito shi ne, "To, ya danganta da abin da kake nufi da biyu."

Idon Baijnath mai kyaun ya yi wani haske. Ya zare ƙafar daga takalmi.

Abin da Dinanath bai taɓa iya gaya wa kowa ba daga baya shi ne, rabonsa da jin daɗi irin na wannan yinin tun kafin auren Sarita. Suka koma kan rana da tuluna. Suka bi ta kan talatin da ukun. Baijnath ya kawo sabuwar hujja da ya yi shekaru yana wasawa, cewa in ɗaya ne to wa yake so, wa yake kira, da wa yake fushi, Dinanath kuwa yana da amsa a ajiye tun bara wadda ya rasa wanda zai ba. Shayi ya zo ya huce, aka sake wani. Yaran ƙauye suka taru. Muryoyi suka hau, jijiyoyin wuya suka tashi, tsofaffin biyu suka koma samari. Har inuwar darbejiya ta juya, sai wani a cikinsu, kuma kowanne ya rantse ɗayan ne, ya sake ambato tiren shinkafa da man shanu.

"Ɗauki ɗayanka ka tafi da shi," in ji Baijnath yana haki. "Ka gaya wa ƙanwata zan zo ganinta ranar da ba ka gida."

Dinanath ya dawo shi kaɗai, rana tana faɗuwa a kan kogi. Ya tsaya a bakin gadon Malti ya ce Pandit yana da ɗaurin aure a hannu, amma zai zo da ya sami sarari. Ta dube shi, ta dubi rigarsa da gumi ya jiƙa, da fuskarsa da har yanzu ba ta gama hucewa ba.

"Wa ya ci?" ta ce.

Ya ja kujera ya zauna.

"To." Ta juya fuskarta wajen bangon kicin. "Ka dai sha ruwa, muryarka ta dishe."

Ya yi niyyar komawa. Ya sa wa kansa jibi, don tsohon ya huce. Jibin ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ɗaga zuwa bayan kasuwa. Baijnath ma, an ce, ya sa an wanke masa zanen ruwan ɗorawa ya rataye. Malti ba ta jira wankin ya bushe ba. Ta rasu da hantsi, Sarita tana taje mata kai.

A bakin kogi aka ƙone gawarta bisa al'adarsu, don haka Baijnath ya halarta ba tare da ya karya rantsuwarsa ba. Ya tsaya a gefe guda na wutar, Dinanath a ɗayan, hayaƙi a tsakaninsu. Sai ranar sha uku da rasuwar, ranar ciyarwa, aka ga tsohon a ƙofar gida da lemarsa. Ya tsaya a bakin dokin ƙofa kamar mai auna zurfin ruwa.

"Ka tako ka kira ni," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Sharaɗin ya cika tun ranar. Ni ne ban taso ba."

Ya shiga ya zauna a ƙasa. Aka ajiye masa farantin ganye, puri da miyar dankali. Ya ci kamar mai shan magani, loma-loma, bai bar komai ba, ya sha ruwa ya wanke hannu.

Da mutane suka ragu Sarita ta kira su biyun kicin. Kaskon yana nan sama da randa, hayaƙin shekaru ya mai da shi baƙi.

"Kawu ya ci," ta ce. "Saura buɗewa."

"Buɗe mana, 'yata," in ji Dinanath.

"Ni 'yar wani gida ce yanzu, Baba. Ba ni na kira su ba, ba gidana suke ba. Kai ne ka rage."

Ya juya wajen Baijnath. "Ai wannan aikinka ne, Pandit. Me ake cewa?"

"Aikin mata ne. A duk auren da na ɗaura ban taɓa shiga tsakar gida ranar gayyata ba. Na dai san ana yi wa kowa godiya da sunansa. Su wa ta kira?"

"Ina baranda," in ji Dinanath. Bai ambaci tagar ba.

Sarita ta ce ita ma ba ta riƙe duka ba, tana zaune an shafe ta da kurkum tana ta kuka. Abin da ta tuna shi ne ƙarshen. Bayan Mama ta gaji, ta ɗebi shinkafa cike da hannu ta zuba gaba ɗaya, ta ce wanda na sani da wanda ban sani ba, da wanda na manta, kada kowa ya yi fushi, duk ku shigo.

Dinanath ya ɗauko wuƙar yanka albasa ya matsa kusa. Shekara da shekaru yana wuce abin nan safe da yamma yana masa ba'a, bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. A jikin yumɓun da ya zagaye bakin kaskon akwai sawun yatsu, huɗu a sama, babban yatsa a ƙasa, inda ta danna ta liƙe. An jera su zagaye kamar adon bakin tulu. A guda ɗaya har ana ganin tabon da wuƙar nan ta taɓa yi mata a ɗan ali. Babu ta inda za a buɗe ba a fasa su ba.

Ya sauke hannu.

"A bari sai gobe."

"Dube," in ji Baijnath a hankali, "ni da kai mun ƙarar da goben da aka ba mu."

Dinanath ya sa bakin wuƙar. Yumɓun ya bushe ƙamas, bai ɓantare gida-gida yadda ya so ba, marmashewa ya yi ya zubo a kan murfin randa. Ya yi ƙoƙarin tare ɓangaren babban yatsan da tafin hannu, ya isa hannun nasa yana gari. Kaskon sama ya rabu da na ƙasa.

Su duka biyun suka leƙa, kuma ba sai an faɗa ba, tunani ɗaya suka yi: kowane suna da ƙwayarsa, ga lissafin Malti a gabansu. Amma ƙwari sun riga su. Babu ƙwaya ko ɗaya, sai wani gari mai ruwan toka, da busasshen gutsuren kurkum, da ɓawon ƙwarin da su ma suka daɗe da mutuwa.

Dinanath ya riƙe kaskon da hannu biyu. Ya yi gyaran murya irin ta fara lacca, sai ya ga ba shi da gabatarwa.

"Biki ya tashi," ya ce. "Yarinyar tana lafiya, ga ta nan, har da 'ya'ya biyu. An tsare ku fiye da kima. Uwar gidan da ta kira ku ta so ta sallame ku da kanta, ba ta samu ba, kuma ba daga wajenta ba ne. Ku sauka lafiya."

Sarita ta karɓi kaskon don a kai kogi. Ba a ji komai ba, ko labulen taga bai motsa ba.

Dinanath ya raka Baijnath ƙofar gida. Tsohon ya sa takalmi, ya buɗe lema ko da yake babu rana babu ruwa, ya yi taku biyu ya tsaya. Ya waiwayo da wani guntun murmushi, kamar mai miƙa wa maraya abin wasa.

"To Farfesa. Nawa suka kai bana?"

"Ban sani ba, Yaya."

Baijnath ya daɗe yana kallonsa da ido ɗayan.

"Da wannan ka ce min a ƙarƙashin darbejiya, da na karɓa. Ya ma fi biyun."

"Da ka sa ɗayan takalmin, da ba ka tambaya ba."

"Haka ne," in ji tsohon. A iya sanin Dinanath, wannan ne karo na farko da ɗayansu ya ce wa ɗaya haka, kuma bai ji daɗinsa ko kaɗan ba.

Bayan kwana biyu Sarita ta koma gidanta. Dinanath ya shiga kicin da safe don dafa shayi, ya daɗe yana neman ashana a gidan da ya yi rabin rayuwarsa a ciki. A bango, sama da randa, akwai wata da'ira mai launin tsohon fenti, inda burushi ya yi ta zagayewa. Diwali ta kusa, mai farar ƙasa zai zo, kuma bana babu abin da zai hana shi shafewa. Dinanath ya kai yatsa ya taɓa wurin. Gidan da ya yi shekaru yana ƙorafin ya cika, yanzu har ɗigar famfon tsakar gida ana ji daga nan.